An saurari wayarka babu izinin alƙali, kotu kuma ta ce kawo hujja

Baban Ikram:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata shari'a ta Amurka da nake so mu ɗan yi zama a kanta, tunda Allah ya haɗa mana lauyoyi da malamai a zauren nan. Shari'ar Al-Haramain ce.

Al-Haramain ƙungiyar agaji ce ta Saudiyya mai reshe a garin Ashland na jihar Oregon. A 2004 ma'aikatar kuɗin Amurka ta rufe asusun reshen bisa zargin alaƙa da Alƙa'ida. Ana cikin musayar takardu sai ma'aikatan gwamnati suka yi kuskure, suka haɗa da wata takardar sirri a cikin tulin da suka miƙa wa lauyoyin ƙungiyar. Takardar ta nuna an saurari hirarrakin waya tsakanin wani jami'in ƙungiyar da ke Saudiyya da lauyoyinta biyu da ke Washington, Wendell Belew da Asim Ghafoor, dukansu 'yan ƙasar Amurka. Bayan 'yan makonni FBI suka zo suka karɓe kayansu.

A Disambar 2005 jaridar New York Times ta tona cewa bayan harin 11 ga Satumba 2001, Shugaba Bush ya ba hukumar leƙen asiri ta NSA umarni a ɓoye ta riƙa sauraren wasu wayoyin da ke shiga da fita Amurka ba tare da izinin alƙali ba, alhali dokar FISA ta 1978, wadda ke tsara sauraren wayoyi don leƙen asirin waje, ta wajabta neman izinin. Sai lauyoyin nan suka gane abin da suka riƙe a hannunsu, suka kai ƙara a 2006. A 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta ce takardar sirrin ƙasa ce, ba za a kafa hujja da ita ba, kuma ko abin da suka tuna a kansu na cikinta ba za a karɓa a matsayin shaida ba. Suka koma suka tattara maganganun da jami'an gwamnati suka yi da bakinsu a bainar jama'a, har a Maris 2010 Alƙali Vaughn Walker ya yanke hukuncin cewa an saurare su ba bisa doka ba. Ya ba kowane lauya diyyar dala 20,400. A 2012 kotun sama ta soke diyyar, ta ce majalisa ba ta ba da damar a ci gwamnati tara a irin wannan ƙara ba.

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Mutanen da suka ga hujja da idonsu, da kuskuren gwamnati, sun yi shekara da shekaru a kotu sun tashi hannu rabbana. To ina ga wanda ba a yi kuskuren ba shi takarda ba?

Ɗan Borno:
Wa alaikumus salam. Yaya Baban Ikram, ni gaskiya irin wannan magana tana yi mini nauyi. Na rasa ƙanena a tashin bam a kasuwa. Da a ce akwai wanda ya saurari wayar waɗanda suka ɗaura wa yarinyar jigidar bam ɗin, da izinin alƙali ko babu, wallahi da na yi masa addu'a har ƙarshen rayuwata. Mai shirin kashe jama'a ba ya jiran alƙali ya sa hannu. Kuma ƙungiyar da kake magana a kanta ai ba haka kawai aka sa mata ido ba, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa rassanta a jerin takunkumi.

Baban Ikram:
Allah ya jiƙan ƙanenka, ya ba ku haƙuri. Ban kawo maganar don in wanke Al-Haramain ba. Alƙali Walker ma bai ba ƙungiyar ko sisi ba, lauyoyin kawai ya ba. Amma in gwamnati tana da dalili mai ƙarfi haka a kansu, me ya hana ta zuwa wurin alƙali?

Maman Hanif:
Ɗan Borno, Allah ya gafarta masa, ya sa ya huta. Bari in amsa maganar jiran alƙali, don a nan mutane da yawa suke ɗauka akwai cikas alhali babu. Dokar FISA tun asali ta yi tanadin gaggawa. Babban lauyan gwamnati yana iya ba da umarni a fara saurare nan take, daga baya a kai wa kotu takarda. Da farko wa'adin awa 24 ne, a ƙarshen 2001 aka mayar da shi awa 72, yanzu ma kwana bakwai. Ita kanta kotun FISA a rufe take zama, alƙalanta 11 ne, Alƙalin Alƙalai ke zaɓarsu, kuma a al'ada lauyan gwamnati kaɗai take ji. Daga 1979 zuwa 2012 an kai mata buƙatu sama da 33,000, waɗanda ta ƙi kai tsaye 11 ne kacal. Kotun da ke amsa wa gwamnati haka ita ce aka ce ta yi nauyi, aka zagaye ta.

Kuma kada mu manta dalilin kafa dokar. Kwamitin Sanata Frank Church ne a 1975 ya bankaɗo yadda hukumomin tsaro suka yi shekaru suna bibiyar 'yan adawa da masu fafutukar haƙƙin baƙaƙen fata, har da Martin Luther King. Sun ga abin da ke faruwa idan jami'i shi ne mai zargi kuma shi ne mai ba kansa izini.

Alhajin Bronx:
Barista, sannu da ƙoƙari. Ni ba boko na yi ba, tasi nake tuƙawa a nan tun kafin harin 2001. Abin da na gani da idona shi zan faɗa. Kafin lokacin, in an idar da sallar isha'i muna zama a masallaci, 'yan Kumasi da 'yan Yamai da 'yan Kano, a sha shayi, a yi hirar gida, a tara taimako in an yi wa wani rasuwa. Bayan nan sai kowa ya zama yana sallama yana neman takalminsa. In baƙo ya shigo sahu, a maimakon a yi masa maraba sai a riƙa kallonsa ta gefen ido. Mutum zai aika wa tsohuwarsa kuɗin azumi yana tunanin ko za a fassara shi da wani abu. Babu wanda aka kama a cikinmu, amma zumuncin ya yi rauni, kuma har yau bai koma yadda yake ba.

Ƙanwar Maza:
Baba Alhaji, abin da ka faɗa ya yi daidai da abin da ya faru a Kalifoniya. A 2006 da 2007 FBI ta tura wani mutum, Craig Monteilh, ya shiga masallatan yankin Orange County a matsayin sabon musulunta. Yana ɗauke da na'urar naɗar murya a jikin makullin motarsa, yakan bar makullin a masallaci ya fita don ta naɗi hirar mutane. Da ya fara yi wa samari maganar kai hari, su masallatan da kansu suka kai ƙararsa wurin FBI, ba su san ɗan aikensu ba ne. Daga baya wani limami, Yassir Fazaga, da wasu mutum biyu suka shigar da ƙara. Gwamnati ta ce sirrin ƙasa ne. A Maris 2022 Kotun Ƙoli gaba ɗayanta ta ce dokar FISA ba ta hana gwamnati fakewa da wannan kariya ba.

Aunty Barista, don Allah ina wannan kariyar sirrin ƙasar ta samo asali? A kundin tsarin mulkinsu take?

Maman Hanif:
A'a ƙanwata, ba a rubuce take a kundin ba, kotu ce ta gina ta. Tushenta na zamani shari'ar Reynolds ce ta 1953, kuma labarinta ya kamata kowa ya sani. A 1948 wani jirgin soja samfurin B-29 ya faɗi a Waycross ta jihar Jojiya, da injiniyoyi farar hula a ciki. Matan uku daga cikin mamatan suka kai ƙara, suka nemi a ba su rahoton binciken haɗarin. Rundunar sojan sama ta ce rahoton ya shafi na'urorin sirri, ko alƙali ba za a nuna wa ba. Kotun Ƙoli ta yarda da su ba tare da ta buɗe rahoton ba. A shekarar 2000 'yar ɗaya daga cikin mamatan ta samu rahoton bayan an cire masa hatimin sirri. Babu bayanin na'urorin a ciki. Abin da ke ciki shi ne sakaci, injin ya kama da wuta, kuma ba a yi wa jirgin gyaran da aka ba da umarni a yi ba.

A kan wannan shari'ar aka ɗora duk waɗanda suka biyo baya. Shi ya sa ni ba na karɓar "sirri ne" daga bakin wanda ake ƙara sai alƙali ya gani da idonsa.

Ɗan Borno:
Na ji wannan, kuma abin takaici ne. Amma ku ma ku yi adalci. Najibullah Zazi fa? A Satumbar 2009 ya shirya tayar da bama-bamai a jiragen ƙarƙashin ƙasa na New York, inda su Baba Alhaji da iyalansu suke shiga kullum. Ta imel ɗin da ya aika wa wani ɗan Alƙa'ida a Pakistan aka gano shi, kuma a ƙarƙashin sashe na 702 na dokar FISA aka tatsi wannan adireshin, babu izinin alƙali a kan mutum ɗaya ɗaya. Ya amsa laifinsa da bakinsa. Wannan ba tatsuniya ba ce.

Injiniya:
Gaskiyar Ɗan Borno ce a nan, kuma ya kamata mu raba abubuwa biyu da ake cakuɗawa. Akwai shirin tattara bayanan kiran wayar kowa da kowa a cikin Amurka, wa ya kira wa, yaushe, minti nawa, wanda aka jingina da sashe na 215 na dokar Patriot. Shi Edward Snowden, wanda ya yi wa NSA aikin kwangila, ya fara tonawa a Yunin 2013. Hukumar sa ido ta gwamnati kanta ta duba shi a Janairun 2014 ta ce ba ta ga shari'ar ta'addanci ko ɗaya da ya sauya sakamakonta ba, aka kawo ƙarshensa da dokar 2015. Sashe na 702 kuwa, na 2008, hukumar nan ta ce yana da amfani.

Kuma 'yan'uwa da ke gida ku lura, 702 mu ya fi shafa. An yi shi ne don waɗanda ba 'yan Amurka ba, da ke zaune a wajen Amurka. In kana Kano ko Maraɗi kana amfani da Gmail ko Facebook, ba a buƙatar izinin alƙali a kanka da sunanka, kuma ba sai ana zarginka da ta'addanci ba, ya isa a ce ana sa ran samun bayanan leƙen asirin waje. Kotun FISA tsarin aikin kawai take amincewa da shi shekara shekara. In kuma ka yi hira da ɗanka da ke Amurka, tasa maganar ma ta shiga rumbu.

Baban Ikram:
Na karɓi maganar Zazi, Ɗan Borno. Sai dai adireshin da aka tatsa na sanannen ɗan Alƙa'ida ne, wane alƙali ne zai hana izini a kansa? Amma bari in bar wannan, don ko da na yarda 702 yana da amfani, damuwata tana nan, kuma a kotu take.

A 2008 Amnesty da wasu lauyoyi da 'yan jarida suka ƙalubalanci dokar. A Fabrairun 2013 Kotun Ƙoli, alƙalai 5 da 4, ta kori ƙarar, ta ce ba su tabbatar an saurare su ba, hasashe suke yi. Da aka tambayi lauyan gwamnati, Donald Verrilli, to wa zai iya ƙalubalantar dokar, sai ya ce wanda aka gurfanar da shi da hujjar da aka samo ta wannan hanya, domin za a sanar da shi. Kotu ta dogara da wannan magana a hukuncinta. Bayan tonon Snowden sai ta bayyana cewa masu gabatar da ƙara ba sa sanar da kowa. Mutum na farko da aka sanar shi ne Jamshid Muhtorov, ɗan gudun hijira daga Uzbekistan da ke zaune a Kolorado, a Oktoban 2013, shekara biyar bayan kafa dokar. An kama shi a Janairun 2012, ba a fara shari'arsa ba sai 2018.

Wanda ba a kama ba an ce masa ba shi da hurumin ƙara. Wanda aka kama an ɓoye masa. Ta ina dokar za ta zo gaban alƙali?

Malam na Tudun Wada:
Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki kaɗan. Allah Maɗaukaki ya hana bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurat, aya ta 12. Amma malaman fiƙihu irin su Mawardi sun yi togaciya: idan amintacce ya kawo labarin cewa wani ya keɓe da mutum zai kashe shi, ya halatta hukuma ta bincika, don ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa. Saboda haka maganar Ɗan Borno tana da gurbi a shari'a, kada a ɗauka ba ta da shi. Sai dai ku dubi sharaɗin: labari daga amintacce, a kan mutum sananne, a kan ɓarna sananniya. Ba a ce a bi gida gida ana kasa kunne ko za a dace ba.

Na biyu kuma, wanda ya fi shafar abin da Baban Ikram yake faɗa, shi ne wasiyyar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ga Sayyidina Ali da zai tura shi Yaman: idan masu husuma biyu suka zauna a gabanka, kada ka yi hukunci sai ka ji daga na biyun kamar yadda ka ji daga na farko. To yaya na biyun zai yi magana a kan hujjar da bai gani ba?

Maman Hanif:
Allah ya gafarta Malam, tambayarka ita ce ainihin shari'ar Adel Daoud. Yaro ne ɗan shekara 18 a Shikago, a Satumbar 2012 jami'an FBI da suka ɓad da kama suka ba shi motar bam na bogi, ya danna. Laifinsa ba ƙarami ba ne, ban ce a sake shi ba. Amma a dokar Amurka wanda ake tuhuma yana da haƙƙin nuna cewa jami'ai sun yi ƙarya a takardar neman izinin saurarensa. Lauyoyinsa suka ce a nuna musu takardar. A Janairun 2014 Alƙaliya Sharon Johnson Coleman ta amince a nuna wa lauyan da ke da izinin ganin bayanan sirri, abin da ba a taɓa yi ba tun 1978. A watan Yuni kotun ɗaukaka ƙara ta soke umarnin. A ranar sauraren ma, bayan zaman fili sai aka fitar da kowa daga ɗakin, har da lauyoyin yaron, alƙalai suka zauna da ɓangaren gwamnati kaɗai. Ɗaya daga cikin alƙalan, Ilana Rovner, ta goyi bayan hukuncin amma ta rubuta a fili cewa haƙƙin nan ba ya aiki a irin wannan shari'a, tunda mutum ba zai nuna ƙarya a takardar da aka hana shi karantawa ba.

Kuma ba zato ake ba cewa ana samun kuskure a takardun. A 2019 babban mai binciken ma'aikatar shari'a ya gano manyan kurakurai da ɓoye bayanai guda 17 a takardun sauraren Carter Page, tsohon mai ba kamfen ɗin Trump shawara. Wannan mutum ne da manyan 'yan siyasa ke bayansa, shi ya sa aka duba.

Ɗan Borno:
To Barista, a nuna wa lauya, gobe sunan mai kawo rahoto ya fita, a yanka shi da iyalinsa. Mu mun ga haka. Mutane nawa aka bi har gida aka kashe don an ce su suka nuna 'yan ƙungiya? Shi ya sa ni ban ga laifin shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram a Kainji ba da aka rufe ƙofa.

Maman Hanif:
Kare shaida wajibi ne, kuma akwai hanyoyinsa: a sakaya suna, a sa labule, a sauya murya, a tantance lauyan da zai ga takarda ya rantse ba zai fitar ba. Duk ana yi. Rufe shari'ar gaba ɗaya wani abu ne daban. A Kainji, barikin Wawa, Oktoban 2017, tsararru 1,669 ne ke jiran shari'a, alƙalai huɗu, 'yan jarida a waje. A zaman farko an ɗaure 45, an sallami 468. Ka tsaya a kan 468 ɗin nan. Mutane ne da da yawansu suka yi shekaru a tsare, aka zo aka ga babu abin da za a tuhume su da shi. Su 45 ɗin kuma, kai da ka rasa ɗan'uwa, ka san wane ne a cikinsu ya yi me? An hana ka ji kamar yadda aka hana kowa. Da aka yi ta suka, a zaman Fabrairun 2018 an bar 'yan jarida da masu sa ido sun shiga.

Alhajin Bronx:
Ni dai na tuna shari'ar yaron nan Umar Faruk Abdulmutallab, da ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin sama, a Detroit. A buɗe aka yi ta, ya tashi a gaban jama'a a 2011 ya amsa laifinsa, aka yi masa ɗaurin rai da rai a 2012. Babu wanda ya isa ya ce ƙage aka yi masa, don kowa ya ji. Kuma mahaifinsa ne da ƙafarsa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya yi gargaɗi tun kafin ya hau jirgin. Irin wannan uban ake buƙata, kuma mutum ba ya kai ɗansa wurin hukumar da yake tsoro.

Injiniya:
Kafin a wuce, akwai abin da bai kamata a bari ba game da rumbun 702. An tara shi da sunan baƙi, amma FBI tana iya shiga ta rubuta sunan ɗan Amurka ta bincika ba tare da izinin alƙali ba. Wani hukuncin kotun FISA da aka saki a 2023 ya nuna an yi binciken da ya saɓa ƙa'ida sama da sau 278,000, ciki har da masu zanga-zangar kisan George Floyd, da waɗanda ake zargi da kutsen majalisa na 6 ga Janairun 2021, da masu ba wani ɗan takarar majalisa gudummawa su 19,000. A Afrilun 2024 aka kawo gyaran da zai wajabta neman izini, ƙuri'a ta tashi 212 da 212 a majalisar wakilai, gyaran ya faɗi, aka ƙara wa dokar shekara biyu.

Ɗan Borno:
Maganar 468 ta shige ni, Barista, don na san gidajen da aka ɗauki 'ya'yansu har yau babu labari. Amma a kan saurare ina nan a kan bakana: in rai na cikin haɗari a fara saurare, a nemi izinin daga baya.

Maman Hanif:
A kan wannan ba mu saɓa ba, ƙanena, kuma haka ƙa'idar take a rubuce har a Najeriya. Sashe na 37 na kundin 1999 ya kare sirrin hirar waya. Ƙa'idojin hukumar sadarwa ta NCC na 2019 sun ce a nemi izinin alƙali, in kuma akwai barazanar kisa nan take a fara, a kai wa alƙali buƙata cikin awa 48. Abin da nake so a ƙara, a can da nan, shi ne ranar da aka gurfanar da mutum a faɗa masa ta wace hanya aka samo hujjar, a kuma bar lauyan da aka tantance ya karanta takardar izinin. In awa 48 ta wuce ba a je wurin alƙali ba, a wannan takardar kaɗai za a gani.